BAIWA BA TA HANA KARATU: MARTANI GA MASU ZUGA YARANMU SU BAR MAKARANTA DON FIM

A cikin shirin da nake gabatarwa duk daren Asabar a wani gidan rediyo a Marwa, na taɓa jefa wa masu saurare tambaya: shin matashin da yake son zama ɗan wasan fim yana buƙatar zuwa jami'a? Kafin in rufe baki wayoyi suka fara shigowa. Mafi yawan waɗanda suka kira amsarsu ɗaya ce: fim baiwa ce, ba karatu ba. Wani ya ce marigayi Ibro digiri nawa ya yi? Wani ya ce ga masu digiri nan suna acaɓa a titunan Marwa da Garwa, me digirin ya tsinana musu? Wata baiwar Allah ta ce ƙuruciya ita ce jarin ɗan fim, wanda ya tsaya karatu sai ya fito ya tarar kasuwa ta watse.

A wannan dare aikina shi ne in ba kowa dama, don haka na haɗiye ra'ayina. A nan kuwa ba ni da wannan takunkumi. Ina ganin wannan magana ta "fim baiwa ce kawai" tana cikin maganganu mafi cutarwa da muke faɗa wa matasanmu, kuma masu yaɗa ta ba su ne suke ɗaukar asarar ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada a ce ina magana ne daga nesa. Ni mutumin Mindif ne, garin nan mai dogon dutse da ake hangowa tun daga hanyar Marwa. Yayata tana da ɗa wanda tun yana ƙarami duk unguwa ta san shi da kwaikwayo. Idan ya kwaikwayi tafiyar limamin unguwa ko muryar mai sayar da goro, sai tsofaffi su riƙe ciki don dariya. Baiwa kam Allah Ya ba shi, ba mai musu. Yana ajin ƙarshe na sakandare, saura 'yan watanni ya zauna jarrabawar bak, sai wani da suka haɗu a Facebook ya ce masa ya zo Kano za a saka shi a fim. Ya sayar da wayarsa da tumaki biyu da mahaifiyarsa ta ba shi kiwo, ya bi ta Garwa da Yola ya tafi. Da na kira shi a lambar wani abokinsa, ya ce mini: "Kawu, ka yi haƙuri, ni na riga na ga hanyata."

Wata goma sha ɗaya ya yi a can. Ya fito a fina-finai uku, kuma a dukansu rawa ɗaya aka ba shi: Bafulatanin daji da ya shigo birni, yana ce wa mace "shi", ana yi masa dariya. A na ukun aka miƙo masa takarda da Turanci aka ce ya sa hannu. Shi Faransanci ya karanta, bai kuma san cewa yana da ikon ya ce a ba shi kwana ɗaya ya kai wani ya duba masa ba. Ya sa hannu, aka ba shi kuɗin da bai wuce na abincin mako biyu ba. Har yau ana kallon fim ɗin a YouTube, shi kuwa ko sisi bai ƙara gani ba. Ya dawo Mindif ba bak, ba tumaki, ba waya.

Za a ce ai wannan rashin sa'a ce, ko kuma ya faɗa hannun mugun mutum. Na yarda akwai wannan. Amma ku dubi wuraren da ya faɗi ɗaya bayan ɗaya, za ku ga ba a wajen baiwa ya gaza ba. Ya gaza a wajen harshe, ya gaza a wajen sanin doka, ya gaza a wajen iya kawo labarin da ya fi wanda aka ba shi. Waɗannan kuwa duk abubuwa ne da ake koyo.

Mu ɗauki harshe. Mu 'yan arewacin Kamaru mun tashi da Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa a gida ko a rediyo, wasu kuma ga Gizganci ko Tufuranci ko Larabcin Shuwa a kai. Fulatanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa Hausarmu take yawan cakuɗa "ya" da "ta". Yaron da bai san dalilin haka ba, zai ɗauka nakasa ce a bakinsa, kuma zai yarda a mai da ita abin dariya har ya tsufa. Wanda ya zauna a ajin nazarin harshe ko da na shekara ɗaya, ya san karin sauti da tsawon wasali, ya san inda Kananci ya rabu da Sakkwatanci da Hausar Adamawa, shi zai iya sanya kowace kamar riga ya tuɓe ta idan ya so. Harsuna huɗu a bakin mai ilimi jari ne da 'yan wasa kaɗan suke da shi a Kano. A bakin marar ilimi kuwa sun zama hanyar da za a ƙulle shi a rawa ɗaya.

Mu ɗauki doka. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka tun ranar 19 ga Disamba 2000, wadda ta amince cewa ɗan wasa ma yana da haƙƙi a kan aikin da ya fito a ciki, ba marubuci kaɗai ba. Nijeriya ta sabunta tata dokar, aka sa mata hannu a 2023. Hedikwatar ƙungiyar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka masu yawan magana da Faransanci, wato OAPI, a Yawunde take. Matasa nawa ne cikin masu ɗaukar jaka su nufi Kano suka san ko ɗaya daga cikin waɗannan? Ba na cewa kowane ɗan wasa ya zama lauya. Ina cewa wanda ya yi shekara uku yana karanta dogayen takardu, ana tambayarsa me suke nufi, ba zai sa hannu a abin da bai fahimta ba don kawai an ɗaure masa fuska.

To, sai babbar hujjar masu adawa da ni, wato Ibro. Allah Ya jiƙan Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba 2014. Ban taɓa jin wanda ya ce jami'a ce ta ba shi ban dariya ba, ni ma ba zan faɗa ba. Amma masu kafa hujja da shi suna mantawa da abu biyu. Na farko, kafin ya shahara ya yi shekaru yana aikin gidan yari. Wanda ya zauna a irin wannan wuri ya ga ɗan'adam kala-kala: maƙaryaci, da wanda aka zalunta, da mai wayo, da wawa. Haka marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa, shi ya sa Hausar barikinsa ba ta taɓa yin kama da ta aro ba. Waɗannan mutane ba da hannu wofi suka shigo ba, sun shigo da wani sani da suka tara a wajen fim. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara goma sha takwas, me ya tara? Fina-finan da ya kalla kawai. Shi ya sa yake kwaikwayon mai kwaikwayo, kuka irin na wane, fushi irin na wane.

Na biyu, Ibro ɗaya ne. A bayan kowane Ibro akwai matasan da ba su ƙirguwa waɗanda suka je da irin wannan buri suka ƙare a riƙe wa wasu jaka a wurin ɗaukar fim. Su ba a hira da su a rediyo, shi ya sa ba mu jin labarinsu. Wanda ya ce wa yaro ya bar makaranta saboda Ibro bai yi jami'a ba, daidai yake da wanda ya ce masa ya bar noma saboda wani ya taɓa tsintar zinariya a rafi.

Tun da misalai ake so, ga nawa. Ali Nuhu, wanda ake kira Sarkin Kannywood, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ba wasan kwaikwayo ba. Ya yi aiki a fina-finan Hausa da na Kudu, kuma a watan Janairu 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Shah Rukh Khan, wanda babu gidan da ba a san fuskarsa ba daga Kano har Kusiri, tattalin arziki ya karanta a wata kwaleji ta Jami'ar Delhi. Denzel Washington na Amurka ya haɗa wasan kwaikwayo da aikin jarida a Jami'ar Fordham. Maƙwabcinmu na Chadi, Mahamat-Saleh Haroun, ya karanta fim, ya karanta aikin jarida, ya yi aikin jaridar shekaru, kafin fim ɗinsa ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na 2010. Ku lura, yawancin waɗannan ba darasin yadda ake kuka a gaban kyamara suka tsaya a kai ba. Sun karanta wani abu daban, mai faɗi, wanda ya ba su idon kallon duniya.

Wannan shi ne ainihin abin da nake karewa. Ba ina cewa a je a koyo sirrin fitowa a fim ba, wannan ana iya koyonsa a wurin aiki. Ina magana ne a kan tarihi, da adabi, da ilimin halayyar ɗan'adam, da ilimin zaman jama'a, da addini, da ɗan abin da ya samu na doka da lissafin kuɗi. Dalili kuwa a fili yake: aikin ɗan wasa shi ne ya zama wani mutum. Yau likita ne, gobe alƙali, jibi malamin tsangaya. Ta yaya mutum zai zama abin da bai san komai a kansa ba? Shi ya sa muke ganin likitan fim yana ɗora abin awo a ƙirjin mara lafiya, nan take ya faɗi cutar da sai an yi gwajin jini ake gane ta. Shi ya sa muke ganin kotun da lauya yake yi wa alƙali tsawa, da mai taɓin hankali da ba ya komai sai cin shara da bin yara da gudu. Mu da muke birni muna dariya mu wuce. Amma a ƙauyukan da ke kewaye da Mindif, inda asibiti yake da nisa, akwai matar da abin da ta sani game da farfaɗiya ko ciwon damuwa daga fim ta samo shi. Idan ɗan wasa ya koya mata kuskure, a jikin ɗanta kuskuren zai ƙare.

Sannan masu cewa boko baƙo ne a wannan sana'a ba su san tarihinta ba. Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa a hannun masu ilimi ya tashi. Malam Aminu Kano, malamin makaranta, ya rubuta wasanni yana sukar zalunci da jahilci. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta *Zamanin Nan Namu* da *Jatau Na Kyallu*, waɗanda har yau ake karantawa a makarantu. Fim ɗin *Shaihu Umar* na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi, shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970, ɗaliban wasan kwaikwayo sukan fita ƙauyuka irin su Bomo da Maska, su zauna da manoma su ji matsalolinsu, sannan su gina wasa a kai. Wato bincike tukuna, wasa daga baya. Ko da aka fara fina-finan bidiyo da *Turmin Danya* a 1990, da yawa daga cikin labaran farko daga littattafan marubutan Kano aka ɗauko su. Alƙalami ne ya haifi wannan masana'anta. Daga baya ne aka fara ganin za a iya yi ba tare da shi ba, kuma mun ga sakamakon: labari ɗaya, soyayyar mutum uku, ana ta juya shi kamar waina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labaran da muke zaune a kansu ba mu sani ba. A Balda, nan kusa da mu, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kafa cibiyarsa, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya yaƙi Lamiɗo Zubairu na Yola, ya auri 'yar Rabe, daga ƙarshe aka kashe shi a ƙasar Dikwa. Rabe kansa a Kusiri ya gamu da ajalinsa a 1900. A 1902 Jamusawa suka ci Marwa da yaƙi. A kan dutsen Mora sojojin Jamus suka jure wa kewayen Ingilishi da Faransawa tun daga 1914 har zuwa Fabrairun 1916, kuma yawancin waɗanda suka yi ta mutuwa a ɓangarorin biyu baƙaƙen fata ne irinmu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa fim mai dogon zango. Wa zai rubuta, wa zai fito a ciki ya san nauyin rawanin da ya naɗa? Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta ɗauki rayuwar matan gidajenmu ta rubuta littafi, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Labaran ƙasarmu suna da kasuwa har a Turai. Abin da muka rasa shi ne isassun masu ilimin fito da su.

Ga kuma maganar mutunci. A 2016 gwamnatin Nijeriya ta so gina ƙauyen fim a Ƙofa ta jihar Kano, aka yi ta suka daga masallatai da kafafen sada zumunta har aka janye. Ko mutum yana goyon baya ko yana adawa, abin da aka gani shi ne masana'antar ba ta da isassun mutanen da za su zauna da malamai su yi muhawara da hujja, su ce ga abin da addini ya hana, ga abin da bai hana ba, ga yadda za mu gyara. Sana'ar da kullum ake tuhumarta da ɓata tarbiyya tana buƙatar 'ya'yan da suka san addininsu da al'adarsu da zurfi fiye da kowace sana'a.

Yanzu bari in ba abokan muhawarata haƙƙinsu. Gaskiya ne akwai masu digiri da suke acaɓa, na san wasu da sunansu. Gaskiya ne jami'o'inmu suna da cuta: aji cike maƙil, malami ya karanto, ɗalibi ya haddace, ya juye a takarda ya manta. A Nijeriya yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas. Gaskiya ne kuma akwai gidajen da ko kuɗin rajista na sefa 50,000 da ake biya a jami'o'in gwamnati a Kamaru ya fi ƙarfinsu, balle haya da abinci. Ni kaina difloma ce da ni a aikin jarida, ban yi digiri ba, kuma na san irin wuyar da aka sha kafin a biya mini ita. Duk wanda talauci ya hana shi karatu, ba da shi nake ba, kuma ba na raina shi.

Amma ku dubi hujjar acaɓa da kyau. Idan mai digiri yana shan wuya, marar digiri hutawa yake yi? Kuma wace sana'a ce ta kai fim rashin tabbas? Mun ga lokacin da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai take cike, mun ga yadda ta mutu aka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Waɗanda suka iya sauya salo, suka koyi rubutun dogon shiri da lissafin talla, sun tsira. Da yawa kuwa sun ɓace. Sau nawa muka ga bidiyon tsohon ɗan wasa a gadon asibiti ana nema masa taimako? Fuska tana tsufa, yayi yana wucewa. Ga 'yan mata abin ya fi tsanani, domin da yawa aure yana raba su da fim, idan auren ya mutu su dawo su tarar an maye gurbinsu. Wadda take da karatu tana da wata ƙofar, wadda ba ta da shi sai abin da hali ya yi.

Batun cewa ƙuruciya za ta wuce kuwa, digirin farko a tsarin Kamaru shekara uku ne. Wanda ya ci bak yana da shekara goma sha tara zai gama yana da ashirin da biyu. Wace kasuwa ce za ta watse a wannan tsakani? Kuma ba a ce ya ajiye wasa ba. A da sai mutum ya je Ngaundere ko Yawunde. Yanzu Jami'ar Marwa tana nan tun 2008, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Mindif, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022. Ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai, ya ɗauki gajerun fina-finai da waya a ƙarshen mako, ya zo gidan rediyo ya koyi sarrafa murya. Idan ya gama ya tafi Kano a matsayin wanda ya zo da kaya, ba wanda ya zo roƙo ba.

Don haka ina kira ga masu shirya fina-finai: ku ji tsoron Allah, ku daina kiran yaran da ba su gama sakandare ba. Yawancinku 'ya'yanku suna makaranta, wasu ma a ƙasashen waje, kada ku so wa ɗan wani abin da ba ku so wa naku ba. Iyaye kuma, hani da zagi ba ya kashe wannan buri, sai dai ya sa yaro ya gudu da dare. Ku yi ciniki da shi: ka kawo mana takarda, mu sa maka albarka. Jami'o'inmu su ma su buɗe darussan yamma da na hutu ga 'yan wasan da suka riga suka shiga sana'ar, domin da yawansu suna so, kunya da rashin hanya ne suka hana su. Mu 'yan rediyo kuma mu daina tambayar taurari irin abincin da suka fi so, mu riƙa tambayarsu littafin da suka karanta.

Ɗan yayata ya koma aji bana, yana zaune da waɗanda a da ƙannensa ne a makaranta, abin da bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Mun yi yarjejeniya da shi a gaban mahaifiyarsa. Ni zan riƙa ba shi rawa a wasan kwaikwayon da muke yi a rediyo, shi kuma duk ranar da zai zo sai ya kawo mini shafi biyu da ya rubuta da hannunsa a kan wani abu da ya karanta. Makon jiya a kan Hayatu na Balda ya rubuto. Da ya miƙo mini takardar sai ya ce: "Kawu, ashe wannan mutumin a nan kusa da mu ya zauna? To me ya sa ba a taɓa yin fim ɗinsa ba?" Na ce masa ya ci bak tukuna, sannan mu zauna mu yi wannan magana.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya sa baiwar da Ya ba su ta zame musu alheri.